Ranar da Baba Ya Harbi Barewa a Al Qusais

Mahaifina maharbi ne, kuma bindiga ce ta cinye masa kunne. Ba rana ɗaya ta yi masa wannan aika-aika ba. Tun yana saurayi yake ɗura wa adaka albarushi, ya dafa ta a kafaɗa, ya kwantar da kumatu a kanta, ya ja kunama, ita kuma ta yi tsawa dab da kansa. Na hagu ne ya fara tafiya, na dama ya bi shi a hankali. Lokacin da na zo Dubai aiki, magana da Baba ta riga ta koma ihu. In ka tambaye shi ya gajiya, sai maƙwabta sun ji kafin shi ya ji.

Ni ne ɗan farinsa, don haka ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. “Kai” ne, ko “wancan”. Tsakaninmu akwai kunya mai kauri, ga kurumta ta zo ta ƙara mata gini. In na buga waya gida, ƙanwata ce ke tsayawa a tsakiya, ina faɗa tana kwarara masa a kunne, shi kuma yana amsawa da ƙarfi kamar mai kiran wani a tsallaken rafi. Gaisuwa tana wucewa ta wannan hanya, labarin damina ma haka. Amma akwai maganar da ba ka aikawa ta bakin ƙanwarka, kuma irin ta ce nake ɗauke da ita.

Mun daɗe da aure ni da matata ba mu samu haihuwa ba. Tana can gidanmu cikin dangina, ni ina nan ina leƙawa sau ɗaya a shekara. Duk wanda ya san gidan yawa ya san wa ake kallo in abu irin wannan ya faru. Habaici a bakin murhu, addu’ar da ke da ƙaya a ciki, tambayar “har yanzu shiru?” daga bakin wadda ba ta ko iya riƙe nata ’ya’yan. Ni kuwa na je asibiti a nan ba da sanin kowa ba, aka duba ni, aka ce matsalar tawa ce. Na gaya wa matata. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi, “To ka gaya wa Baba. In shi ya ce a bar ni, za a bar ni.” Gaskiyarta ne. A gidanmu in Baba ya yi magana ɗaya, ko gwaggona mai bakin reza sai ta nemi wani abin yi.

Shi ya sa na nema masa biza na kawo shi a duba kunnensa. Kowa ya yi ta sa min albarka, ana cewa ɗa na gari. Ni dai na san abin da nake so, ina so in yi wa ubana magana ƙasa-ƙasa sau ɗaya a rayuwata. A gidan hayarmu na Al Qusais ba a yin sirri da ƙarfi. Mai gidan ya yayyanka ɗakunan da katako ya zuba mu, kuma duk waɗanda ke kewaye da ni Hausawa ne. In mutum ya yi tari a ɗakinsa, na kusa da shi ke ce masa sannu.

Likitar kunnen wata Ba’indiya ce mai fara’a. Ta sa Baba a wani ɗan ɗaki, ta rufa masa abu a kunne, ta ce ya ɗaga hannu duk lokacin da ya ji ƙara. Na tsaya ta bayan gilashi ina kallon hannun nan yana kwance a cinyarsa. Da aka gama ta tambaye ni sana’arsa, na gaya mata. Ta girgiza kai, ta ce a wasu ƙasashe maharba suna toshe kunne kafin su harba, wasu ma suna ɗaura wa bakin bindiga wani bututu da ke rage kaifin ƙarar, da ya yi haka da bai kai nan ba. Baba ya tambaye ni me ta ce. Na ce ta ce za a dace. Ina zan fara gaya wa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana sauraron karyewar kara a daji cewa kamata ya yi ya cusa auduga a kunne? Haushinta ya kama ni, ko da yake ba ƙarya ta yi ba. Shawarar da ta zo bayan kunne ya mutu ba ta da wahalar bayarwa.

Bayan ’yan kwanaki aka sa masa na’urar ji, ’yan ƙanana guda biyu masu maƙalewa a bayan kunne. Ƙwaro ya sa musu suna tun a ranar. Muna fitowa daga metro, jirgin ƙasan cikin birni, wani jirgin sama ya taso ta kanmu, don unguwar tamu a gindin filin jirgi take. Baba ya duƙa ya dafe hula. Da muka shiga gida ya tsaya yana waige-waige, ya ce wane inji ne ke gurnani. Na ce na’urar sanyaya ɗaki ce. Ya ce, “Haka kuke kwana da ita? Ashe hutawa nake yi ban sani ba.” Na yi dariya, na kira shi a hankali daga bayansa, ya juyo. Daɗin da na ji a wannan juyowar ba zai faɗu ba. Na ce a raina bari in bar shi ya saba da abin tukuna, sai in nemi ranar da gida ya yi shiru. Da na sani a ranar na yi ta ta ƙare.

Zaman ɗaki ya ishi Baba da wuri. Mutumin da ya saba da fili, ga shi an ajiye shi a hawa na huɗu yana kallon rufin sito. Cikin abokan zamana akwai wani ɗan Maraɗi mai aikin kago, wato tura kayan fatake ƙasashe, a wajen Al Rigga, mutumin kirki ne amma akwai rawar kai. Duk ranar hutu yana gaban talabijin a guntun falon da katako ya rage mana, yana buga wani wasan farauta. Daji ne shar a cikin allon, da tsaunuka da ruwa, kana tafe da bindiga kana bin sawun dabba. Wata Lahadi bayan azahar ya ce, “Baba, yalla, zo ka ga daji. An ce kai ne sarkin abin.” Ni ma na zuga shi. Rabon Baba da farauta an jima, tun da ’yan bindiga suka mamaye dajin yankinmu maharba suka rataye nasu. Na ɗauka zan mayar masa da wani abu ne.

Da farko ya zauna nesa yana taɓe baki. Can ya matso. Ya ce wannan mutumin naka na cikin allo tafiyar kasuwa yake yi, wa ya ce masa ana taka ganye haka? Ya tambayi ta ina iska ke kaɗawa, ɗan Maraɗin ya nuna masa wata ’yar alama a ƙasan allo, Baba ya ce to a zaga ta can. Aka zaga. Sai ga wasu dabbobi masu ƙaho suna shan ruwa, ba irin namu ba ne, amma Baba ya ce barewa ce, mu ma muka bar ta a barewa. Idonsa ya canza. Na ga yatsansa na dama yana motsi a kan gwiwarsa.

“Voilà, karɓi, Baba,” in ji ɗan Maraɗin. Ya ɗora masa abin dannawar a hannu, ya saita masa, ya nuna masa inda zai matsa. “Shwayya-shwayya, a hankali, in ta ɗago kai sai ka danna nan.”

Baba ya ɗauke numfashi kamar yadda na san shi yana yi. Ta ɗago kai, ya danna. Bindigar ta zabura a allon, barewar ta faɗi, amma abin da ya fito daga talabijin ɗin wani ɗan “tuf” ne kamar an buga matashi da tafin hannu. Muka yi tafi muna cewa ya same ta. Shi bai yi murmushi ba. Ya ajiye abin dannawar ya kai hannu bayan kunnensa yana lalube, fuskarsa duk ta faɗa. Ya dube ni ya ce, “Kai, ƙwaron nan ya mutu. Na harba ban ji ba.”

Ɗan Maraɗin ya tuntsire da dariya har yana riƙe ciki. Ya ce a’a Baba, kunnenka lafiya lau, salansa ce. Ya juya bindigar a allon ya nuna masa wani baƙin bututu a bakinta, ya ce kamar ta babur take, tana shanye ƙara. In ka sa ta ka harbi ɗaya, sauran ba sa gudu da nisa, sai ka bi su ka ƙara. Baba ya daɗe yana kallon bututun. Ya tambaya ko akwai irinta a gaske ko ƙaryar talabijin ce. Na ce akwai, sai dai ta gasken ba ta yin shiru kamar wannan, ragewa take yi.

“Bindigar marowaci,” in ji Baba. Ya ce a wajenmu in maharbi ya harba, sanarwa ya yi. Ɗan’uwansa da ke wani gefen dajin ya san inda yake, ba zai faɗo masa a gaba ba. Manomin da ke kusa in ya ji ya zo ya kama masa fiɗa, yana da tsokarsa, ba roƙo ba ne, haƙƙinsa ne. Dabbobin da suka ji suka gudu, rabon gobe ne, Allah ya bar su. “Wanda zai kashe nama ba ya so a ji, ko ɓarawo ne ko ba ya son rabawa. Cire mata wannan takunkumin in ji muryarta.”

Ɗan Maraɗin ya cire, ya ƙure ƙarar talabijin, aka sake nemo wata dabbar. Wannan karon da Baba ya danna, sai da kofunan shayi suka yi rawa a kan tebur. Ni har kunnena ya yi zuwwa. Baba kuwa ya yamutsa fuska ya ce a sake. Aka harba iska. Ya sa hannu ya zare na’urorin duka biyun ya riƙe a tafinsa, ya ce a sake. Aka sake. Ya gyaɗa kai a hankali. Ya ce da kunnensa tsirara ya ji gindin ƙarar ko da daga nesa ne, amma da ƙwaron a ciki, tana tasowa sai a danne mata kai, ta zama kamar an rufe ƙofa. Maƙwabcinmu na ɗaya gidan ya shiga dukan bango, ɗan Maraɗin ya ce halas, halas, wato ya isa, ya rage ƙarar da sauri. Baba bai ko ji bugun ba. Yana kallon abin da ke tafinsa ya ce, “Ashe shi ma da tasa salansar.”

Ya matsa min sai da muka koma wajen likita. Ta ce ai haka aka yi na’urar da gangan. Don magana aka yi ta, in ƙara mai ƙarfi ta faɗo ba zato sai ta tare ta, don kada ɗan jin da ya rage ya ƙarasa lalacewa. Na fassara masa. Ya ce a gaya mata ta buɗe. Ta ce za ta iya sassautawa kaɗan, amma ba za ta buɗe duka ba, cutar da shi za ta yi. Ta tambaya cikin murmushi, wai Baba farauta zai koma ne?

A nan ne ya faɗi abin da ya kawo shi, yana kallon bango, da muryarsa mai cika ɗaki. Ya ce a garinmu yanzu ƙarar bindiga ce ke tsakanin mutum da kabarinsa. In an yi harbi a ƙauyen gaba, wanda ya fara ji shi ke tada mutane. Da can shi ake tambaya. Yana jin ƙara zai ce wannan adakar ’yan sa-kai ce ku zauna, ko ya ce wannan ba tamu ba ce, daga yamma take, a kwashe yara a yi gabas. Yanzu sai dai ya ga mata suna gudu, wata jikarsa ta ja shi da hannu kamar akuya. Ya ce, “Na ɗauka abin da za a gyara min ke nan. Surutun mutane kuwa, na ji iya rabona.”

Ban fassara mata duka ba. Tausayinsa ya kama ni, amma ba zan ɓoye ba, haushi ya fi yawa. Na yi ta faɗi-tashi na kawo shi ƙasar nan don ya ji muryata, ashe ni ina cikin surutun mutane. Muka hau metro muka komo gida. Ya zuba na’urorin a aljihun gaban rigarsa tare da goro da asuwaki, kuma daga ranar nan a can suka tare. In na ce ya sa, sai ya ce kansa ke ciwo. Ni kuma zuciya ta ɗebe ni na daina cewa. Gado ne, duk gidanmu haka muke, in muka yi fushi sai mu yi shiru mu jira a lallashe mu, ga shi an haɗa biyu masu jira a ɗaki ɗaya.

Haka kwanakin bizar suka zube. Matata in mun yi waya ba ta tambaya, sai dai ta ce, “Ya jikin Baba?” ta ɗan yi jim. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni sai ana gobe zai tashi na ɗauko nawa. Bayan la’asar na ce ya zo mu taka. Na bi da shi ta bayan sito-siton unguwar, inda akwai wani fili da manyan motoci ke kwana, ba kowa sai wasu ’yan Pakistan can nesa suna ɗaure kaya. Na duba gabas da yamma ban ga mai kama da Bahaushe ba. Na matsa dab da kunnensa na dama na ɗaga murya na ce, “Baba, magana ce da ni, tsakanina da kai.”

Ya tsaya ya dube ni, irin kallon da bai saba yi min ba, ido cikin ido. Ya ɗaga min hannu alamar in dakata. Ya laluba aljihu ya fito da ƙwarin nan nasa, ya hure musu garin goro, ya maƙala ɗaya, ya maƙala ɗaya, da kansa ba wanda ya roƙe shi. Ya zauna a kan wani tubalin siminti ya nuna min gefensa. Ya ce, “Faɗi a hankali. Ba sai duniya ta ji ba.”

Na zauna na sunkuyar da kai na faɗa. Na gaya masa zuwana asibiti da abin da aka gani. Na gaya masa yarinyar nan ba ta da laifin komai, shekara da shekaru tana haɗiye maganar da ni ya kamata a yi wa. Na ce ba na so a yi shela, so nake ya tsawatar a bar ta ta sha iska. Wani wajen ma sai da na tsaya jirgi ya wuce. Duk lokacin da na saci kallonsa yana gyaɗa kai. Da na gama ya ɗora hannunsa a bayan wuyana, abin da rabonsa da yi tun ina ƙarami. Ya ce, “Na ji. Kowane namiji da irin kayansa. Ka bar min sauran, in na koma zan yi magana.” Na tashi jikina sakayau, har na saya mana shayi a hanya.

Da magariba ina haɗa masa jaka na ce ya kawo na’urorin in sa su a gidansu su sha caji kafin tafiya. Ina ɗora su wutar ta nuna ja. Na ciro ɗaya na danna, na kara a kunnena, na murza yatsa a kusa da ita. Ko ƙis. Tun ranar da muka baro likita ba su ga caji ba, sun daɗe da mutuwa a cikin aljihun. Baba yana kan darduma yana jan carbi, bayansa gare ni. Na kira shi da irin muryar da na yi masa magana a fili. Bai juyo ba.

Na san abin da ya yi, kuma na san don ni ya yi. Ya sa abin ya ji shiru, ya ga ɗansa ya sunkuyar da kai yana motsa baki, ya ga ba zai iya ce min in maimaita da ihu ba. Sai ya gyaɗa kai ya ba ni amsar da za ta shiga kowace irin damuwa. Kara ce ya yi min, amma ban taɓa jin karar da ta ƙona min rai kamar wannan ba. A daidai lokacin ’yan ɗakinmu suka cika falo sun zo yi masa sallama, da ’yan tsarabarsu na dabino da turare. Washegari a filin jirgi kuwa, cikin mutane, me zan kwarara?

Bayan mako guda matata ta kira ni. Ta ce Baba ya tara gidan gaba ɗaya, maza da mata, ya yi magana mai zafi. Gabana ya faɗi, na ce me ya ce? Ta ce cewa ya yi daga yau kada wanda ya ƙara damuna da bani-bani, abubuwa sun yi min tsauri a Dubai, shi na gaya wa da bakina.  Can ta ce, “Ka gaya masa kuwa?” Na ce, “Na faɗa.” Ba ta ja maganar ba. Ta ce jiya gwaggo ta kawo mata wani sabon jiƙo daga wajen wata mai magani, ta tsaya a kanta sai da ta shanye.